Yadda Za Ka Fitar Da Iska Daga A-Kori-Kurar Surukinka

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan kai ne ka ce wa iyayen Zakiyya kai injiniya ne lokacin neman aure, alhali iyakar saninka da inji jan igiyar injin kwalekwale, to yau ranarka ce. A-kori-kurar surukinka Baba Sallau tana tsaye a bakin ruwan Wara tana karkarwa, an riga an loda mata ɗanyen kifin surukarka Inna Kulu da za a kai kasuwar Yelwa, rana kuma tana ɗagawa. Kowa ya juyo yana kallonka, har da matarka. Kada gabanka ya faɗi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari mota za ta tafi, kifi zai isa, sunanka na injiniya kuma zai kwana lafiya. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya ji kunya ba, ko da yake ban cika tsayawa ganin ƙarshe ba.

1. Buɗe bonet da isa

Fara tsugunawa ka gaida Baba Sallau, sannan ka naɗe hannun riga ka ɗaga bonet. Za ka ga inji yana rawar ɗari, yana huci sii-sii, can ya ɗau ƙara da kansa ba wanda ya taka totur, can ya yi kamar zai mutu. Kada ka taɓa komai. Ja tsaki mai tsawo ka girgiza kai. Binciken da na yi ya nuna rabin kanikanci tsaki ne.

Ka tuna, duk sanda surukinka ya gitta sai ka tsuguna, ko da kanka yana cikin inji. Ƙulun da zai fito maka a ƙeya zai saɓe, rashin ladabi ba ya saɓewa.

2. Kira Jabir kamar yaronka ne

Jabir shi ne bakaniken da ke Yelwa. Buga masa waya, ka ɗaga murya kamar kai kake yi masa jarrabawa. Zai yi maka bayani tiryan-tiryan, cewa akwai bututun da inji ke shaƙar numfashi ta cikinsa, manifol suke ce masa, kuma tsakaninsa da inji akwai wani siririn faifai, gasket, wanda in ya tsage sai iska ta riƙa kutsawa ta inda bai kamata ba. To amma ka san sabis na bakin ruwa, zuwa yake yana komawa. Duk wannan karatu zai tafi a banza, abin da zai iso kunnenka kawai shi ne iska ta shige ta.

Maimaita shi da ƙarfi, don jama'a su san ka gano ciwon.

3. Kada ka gyara wa kowa fahimta

Nan take Inna Kulu za ta saki daron da ke hannunta.

"Ai na hwaɗi," za ta ce. "Tun jiya nika jin ta tana huci ita ɗai. Malam, sau nawa nac ce ka bar aje wagga mota ƙarƙashin tsamiya?"

Mutane za su ja da baya. Wani mai jirgi zai rantse ya taɓa ganin ta tana ƙifta fitila ba kowa a ciki. Wata mai soya ƙosai za ta ce dama tun da aka sayo ta ba ta yarda da idonta ba. Kai dai ka yi shiru, don kai ma, mu faɗi gaskiya, ba ka san wace iskar Jabir yake nufi ba, ta taya ce ko ta tsamiya. Sunkuyar da kai irin na wanda ya san su duka biyun.

4. Karɓi kaskon turare

Zakiyya ce za ta kawo shi, da garwashi da habbatus sauda da tazargade. Sanda take miƙa maka za ta dube ka da wani ido mai cewa mijina zai iya. Wannan kallon shi kake tsaro yau, ba kifi ba.

Yi nesa da tiyon fetur, don Allah. Zagaya inji da kaskon a hankali kana motsa leɓe. Hayaƙi zai watsu ko'ina, amma a wuri ɗaya, daidai inda manifol ya haɗu da inji, za ka ga ya zama zare yana shigewa ciki zuruf. Wuri zai kaure da salati, a ce ga ta can tana shan turare. Miƙe yatsa ka ce, "Ga ƙoharta nan."

Barka da arziki. Ka gano tsagar, ba tare da ka san ita kake nema ba.

5. Kwali

Kashe mota ka bari ta huce. A wannan lokaci kifi ya fara kallonka da fararen idanu, ƙudaje kuma sun aika wa danginsu. Zuciyarka za ta ce ka cusa tsumma ka shafe da kwalta yadda kake toshe kwalekwale. Kada ka saurare ta, kwalekwale bai taɓa yin zafi haka ba.

Baba Sallau zai gitta ya ajiye kwalin taliya kusa da kai, da 'yar guduma da sifana da gwangwanin giris, ya ce wai kada ka ɓata gwiwar wandonka. Tsuguna ka gode. Sai ka zagaya bayan tarin komar kamun kifi, ka ce za ka keɓe, ka sake kiran Jabir da raɗa. Zai ce ka kwance notuna, ka cire manifol, ka kankare tsohon gasket, ka shimfiɗa kwali a bakinsa kana bubbugawa da guduma har ramukan su fito, ka yanke, ka shafa giris ka mayar. Da ka dawo za ka lura duk abin da ya lissafa yana nan kusa da gwiwarka. Za ka kuma lura tsohon gasket ɗin da ka kankaro akwai ragowar hoton sabulu a jikinsa. Kada ka tsaya tunani, tunani ɓata aiki yake yi.

6. Notin da ya rage

Bayan ka ɗaure komai, dole noti ya rage a hannunka. Haka abin yake a duk duniya. Ɗaga shi sama kowa ya gani, ka ce ga abin da ta bari, ka wurga shi cikin ruwa iya ƙarfinka. Inna Kulu za ta sa maka albarka har muryarta ta dushe.

7. Shiga gaba ka yi ladabi

Mota za ta tashi lafiya lau, ba huci ba karkarwa. Za a yi guɗa, Zakiyya ta rufe fuska da mayafi don murna, kai kuma ka ji kamar ka taka rawa a kan bonet. Inna Kulu dai ba za ta shiga ba, za ta ce a bari tsamin abin ya fita tukuna, ta bi ku a kan kabukabu. Saboda haka daga kai sai Baba Sallau a gaba.

Sai kun bar gari, idonsa na kan hanya, zai yi gyaran murya.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"In mun sauke kihi mu biya wurin Jabir. Irin wagga iska sabon gasket aka saya mata. Da noti guda." Zai kauce wa rami, ya canja giya. "Kwalin da kac cire, ni niy yanka shi bara. Naka ya hi kyau. Ba sai Zakiyya ta ji ba."

Za ka nemi tsugunawa, ka ga babu wuri a gaban mota. Sai ka nutse cikin kujera kunya na cin ka, tare da wata ƙaunar tsohon nan da ba ka san kana da ita ba. Ka ce to, ka riƙe ƙofa da kyau.

Gargaɗi

Ni dai ba ruwana. Ba ruwana idan kwali ya ƙone kafin Yelwa, ko kaskon ya lashe maka gira. Ba ruwana idan gobe ka tarar da layi a ƙofar gidanka, wannan da keken ɗinki, wancan da injin markaɗe, wata kuma ta jawo gwaggonta mai firgita. Kuma idan daga yau ka ga bakinka ya kasa yi wa Baba Sallau ƙarya, kada ka neme ni, wannan ba ya cikin alkawarin da na yi maka.