Kwamfutar da Ba Ta Cewa "Dakata"

Allah ya yi wa Kaura Namoda baiwa biyu: tashar jirgin ƙasa da Injiniya Nafi'u. Jirgin yakan makara. Injiniya kuwa ya riga zamaninsa isowa.

Ya je Kaduna kwas, ya dawo da tabarau da jaka mai zif uku. A shekarun da kowa ke zancen sabuwar jiha da Shari'a, shi zancensa ɗaya ne: zuciyar kwamfuta, wato ɓangaren da ke karɓar rubutu ya kai shi faifai. 'Yan kabu-kabun bakin shagonsa suka raɗa masa Sarkin Adana, ya amsa ba tare da ya ji dariyar ba.

"Masu ƙera wagga na'ura ba su san mutunci ba," in ji shi. "Ka ce ta adana, ta bar ka tsaye kamar mai roƙo. Babba ba ya jira."

Sai ya yi mata gyara. Da ka danna wajen adanawa, nan take ta rubuto "An adana, ranka ya daɗe." Rubutun kuwa yana nan a ƙwaƙwalwarta, sai ta sami sarari ta kai shi faifai. Akwai wani umarni da ke tilasta mata kaiwa a tabbatar. Injiniya ya cire shi, wai tambaya sau biyu zargi ne. Ya kai labarin Shinkafi ranar kasuwa, ya kai Zurmi wajen sunan da ba a gayyace shi ba.

Mardiyya, ɗalibar shekarar ƙarshe, ta kawo aikin kammala karatunta shagonsa don ta buga. In ba ta miƙa ranar Litinin ba, sai baɗi. Ta yini tana bugawa, na'ura tana yi mata ladabi. Bayan la'asar aka ɗauke wuta.

Da janareto ya tashi, sunan aikin yana nan, cikinsa wayam.

"Injiniya, ina babina?"

"Na'ura ta yi alkawari, Malama. Cikawa ce ta rage."

Mahaifinta, Alhaji Tambari mai motocin haya, ya iso ya zauna bisa benci. "Ba komai. Tunda kai ka gyara ta, buɗe gyaran ka warware."

Injiniya ya gyara tabarau, ya buɗe babban aikinsa na wata da watanni, wato rubutun gyaran nan, wanda tun safe yake yi wa kwaskwarima a tasa kwamfutar. Shi ma da sabuwar hikimar ya adana shi. Wayam.

Asabar da Lahadi ya yi su a kan wata tsohuwar kwamfuta da ya raina, wadda gyaransa bai taɓa ba, Mardiyya tana karantowa daga rubutun hannunta, shi yana bugawa da yatsa biyu. Bayan kowane shafi sai ta ce, "Dakata, ranka ya daɗe, fitilar faifan ba ta mutu ba, ba a gama adanawa ba."

Ta miƙa aikinta ranar Litinin. Sarkin Adana kuwa, babban da ba ya jira, yana can bakin shago yana jiran wuta.