Ina Ka Kai Kunkurun Kaka?

Da hantsi magini da leburorinsa suka sauke yashi da buhunan siminti a ƙofar gidan taubashiyarsa, 'yar kawunsa, wadda ke zaune a gidan marigayi kakansu. Ranar ce zai zuba mata siminti a tsakar gida. Ya shigo da cebur a kafaɗa, ya same ta tsaye ta riƙe ƙugu.

"Lafiya lau muka tashi, Gajera. Ya zafi?"

"Zafi ga shi muna sha. Ajiye cebur ɗin nan, Mai Kunne, ka kalle ni. Ina ka kai kunkurun Kaka?"

Kunkurun ya girme su duka biyun. Kakansu ne ya zo da shi daga hamada lokacin yana tuƙin babbar mota, kuma har ya kwanta ciwon ajali yana cewa a kula masa da shi.

"Ni? Me zan yi da kunkuru?"

"Tun ranar da ka zo awon fili ban sake ganinsa ba. Ganyen da na zuba masa ga shi can ya bushe. Kuma na ga yadda kake kallonsa, kana haɗiyar yawu."

"Ikon Allah! Ni kuwa tun shigowata kumatunki nake kallo. Wannan ƙyallin ba na man shafawa ba ne. Faɗi gaskiya, ina kika binne ƙoƙon bayansa?"

"Allah ya kiyashe ni! Ku ne dangin ci. Gwaggo da kanta ta ce kana yaro har alli ka cinye."

"To ji nan. Kunkurun hamada ne. In zafi ya kai masa karo, rami yake haƙawa ya shige inda ƙasa ke da sanyi. Ba ci, ba sha, ruwansa yana ajiye a cikinsa har sama ta zubo."

"Ka ji ɓarawo da tsara magana. A hanya ka shirya wannan, ko tun jiya?"

"Kaka ne ya faɗa. Ke lokacin kina barci da baki buɗe. Ya ce komai na can da dabararsa. Itatuwa sun mai da ganyensu ƙaya don kada rana ta shanye su. Yanyawa kuwa, 'yar dabbar nan mai kama da dila, manyan kunnuwanta ne ke fitar mata da zafin jiki."

"Shi ya sa ban taɓa ganin ka yi gumi ba."

"Ke kuma da a ce can aka haife ki, ba kya buƙatar rami. Inuwar tsakuwa ta ishe ki."

Ta harare shi, ba ta yi dariya ba.

"Shekara da shekaru yana gidan nan bai taɓa haƙa rami ba. Sai bana, da ka shigo?"

"Da a ina yake kwanciya da rana?"

Ta juya ta dubi kututturen da ke tsakiyar gidan. Bishiyar da ke wurin an sare ta don aikin siminti.

"Kai ka sare ta!"

"Ke kika ce ganye ya dame ki da shara!"

Sai ta dubi buhunan da ke bakin ƙofa. Muryarta ta sauka.

"Yanzu in gaskiya ka faɗa, da ka zuba simintin nan, da ransa za mu rufe shi?"

Magini ya jingine cebur. Suka shiga dubawa, ita tana gaba tana waiwayensa kada ya ɓoye wani abu. Bayan famfo, inda ruwa ke ɗiga, akwai tsofaffin kwanukan rufi a jingine. Da ya janye su, sai ga tulin sabuwar ƙasa da bakin rami. Ya durƙusa ya haska da wayarsa.

"Ga shi can. Ga ƙafafunsa na baya, gajejjeru kamar naki."

"Matsa in gani." Ta leƙa, ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da bakin ɗankwali. "Wa ya sani ko jiya ka dawo da shi ka cusa?"

"Ni na haƙa ramin da farcena ke nan?"

"Kai da aka sani da tonon abinci? Jawo shi in ga ko yana da rai."

"Ba a jawo shi. In ya tsorata, ruwan da ya tara zai zubar. Wannan lungun dai ba zan zuba masa siminti ba, kuma ki nemo itacen da za a dasa."

"Taɓa shi kawai, ya motsa in gani. Ko tsoro kake?"

Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa. Kunkurun ya ja da baya ya yi wani huci mai ƙarfi. Magini ya zabura ya yi tsalle, wandonsa ya ce ɓarrr, ya tsage tun daga baya har gwiwa. Ya manna bayansa da bango.

Gajera ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Na yarda! Wallahi na yarda, ba kai ba ne. Mai gudun hucinsa ba zai iya yanka shi ba."

"To daina kallona, ki taimake ni. Leburorina suna waje."

Ta ciro zane mai furanni daga igiyar shanya, ta wurga masa.

"Ungo, ɗaura. Na bar maka har abada, ya fi yi maka kyau."