Robar Kwalekwalen Pak Cik

Na daɗe ina kwance giyar motoci a Ƙofar Ruwa ta Kano kafin karatu ya kawo ni Kuala Lumpur. Da mai gidan da nake haya, Pak Cik Rahman, ya ce wayar giyar kwalekwalensa ta cije, sai na ce da Malayanci, "Boleh, Pak Cik," wato zan iya.

Na sa sabuwar waya tsaf. Sabuwar robar da ke rufe ramin wayar ce ta ƙi zama, sai na mayar da tsohuwar duk da ta tsage, na ɗaure da robar taya. A mota ai ƙura kawai take tarewa. A kwalekwale kuwa, ashe teku take tarewa.

Ranar Lahadi muka tafi bakin teku a Klang gwada kwalekwalen, har da maƙwabcina Malam Sani. Muna barin gaɓa ruwa ya kai idon sawu, kular abincinmu ta fara yawo. Pak Cik kwarfar ruwa kawai yake da hularsa. Giya na shiga lafiya lau, amma ba wanda ya yaba.

Har yau, ko famfon alwala na taɓa a masallacin Kampung Baru, sai Malam Sani ya ce, "Jama'a, a naɗe wando, Injiniya ya iso." Ɗana ma ya haddace, har da Malayanci.