Ranar da Baffa ya fito a talabijin

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da 'yan talabijin suka zo garinmu ba. Wata tasha ce mai shirin noma ta ji labarin Baffa Sule, yayan mahaifina, wanda har yau yake shuka irin geron da ya gada wajen kakanmu. Suka zo da kyamara har gona. Baffa ya shiga cikin kunyoyin gero da babbar rigarsa ta Sallah, ya yi musu bayani ya fi na rabin awa. Da za su tafi suka ce ranar Asabar da sha biyun rana za a nuna, kuma sau ɗaya ne, ba maimaici.

Matsalar ita ce ranar Asabar ɗin aka sa gayyar cirar gyaɗa, kuma a gonar Baffan. Ba yadda za a yi mai gayya ya bar mutane a rana ya koma ɗaki kallon kansa. Sai aka ce ai ga ni.

Ni kuwa a gidanmu masani ne. Na yi makarantar kimiyya, na taɓa juya dish ɗin talabijin da iska ta karkatar har hoto ya dawo (gaskiyar magana jingina na yi da shi ina hutawa). Tun daga ranar ko tocila ce ta mutu ni ake kawo wa. Na bugi ƙirji na ce, "Baffa, ku je gonarku hankali kwance. Dikodar talabijin ɗinmu tana naɗar shiri. Da yamma za ku ga kanku tun daga hula har takalmi."

Ranar kasuwa na hau babur zuwa Makoɗa, na sayi filash, ɗan abin da ake soka wa dikoda ta ajiye naɗi a ciki, wajen wani mai gyaran waya. Na zaɓi babba, mai giga talatin da biyu. Mutumin kirki ne, ya tambayi irin dikodarmu, na gaya masa. Ya ce, "Malam, in ka soka za ta nemi ta yi masa fomatin, wato ta share shi ta tsara shi yadda take so. Ka yarda. Amma irin tsarin nata, naɗi ɗaya ba ya wuce giga huɗu. Da ya kai sai ta tsaya, ko da sauran wuri. Ka saita mata lokaci kawai. Ka iya ko in nuna maka?"

Ban iya ba. Amma akwai mutane a shagon, ɗaya ma tsohon ɗalibina ne na firamare. Na yi wata 'yar dariya na ce, "Haba dai." A raina kuma ina cewa yaron nan bai san lissafi ba, ina huɗu ina talatin da biyu.

Daren Juma'a na yi ta latsa rimot ina neman wurin saita lokaci, har na mayar da rubutun dikodar wani yare da ban san na wace ƙasa ba ne. Da kyar na dawo da shi. Sai dabara ta zo mini. Tunda ni ne zan dawo gida da hantsi in ɗauki kunun 'yan gayya, sai in danna jan maɓallin naɗi tun lokacin. Wai ni mai tsantseni, gara a fara da wuri kada a rasa komai. Haka na yi, wajen tara da rabi, na koma gona ina fito.

Bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika. An fito da talabijin an ɗora kan turmi, an shimfiɗa tabarmi. 'Yan gayya ba wanda ya wuce gida. Har Malam Yohanna maƙwabcin gonarmu ya zo da iyalinsa. Inna Ladi, matar Baffa, wadda ba ta je gona ranar ɗaukar ba, ta zauna gaba-gaba tana cewa yau za ta ji abin da mijinta ya kwana bakwai yana bitarsa a ɗaki.

Na kunna. Muka sha tallan taki, muka sha tallan maganin sauro. Wani mutum ya yi ta bayanin mura ta kaji. Na yi ta turawa gaba ina ce wa jama'a su yi haƙuri, aikin na'ura sai a hankali. Can sai ga kukar gonarmu. Wuri ya kaure da "Ga ta nan! Ga ta nan!" Sai ga Baffa, riga tana ta ƙyalli. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki ya ce, "Assalamu alai..."

Allo ya yi baƙi.

Na danna gaba, babu. Na zare filash na hure shi na mayar (ban san me hurawar take yi ba, na dai ga ana yi). Aka sake komowa kan tallan taki. Gumi ya jiƙa mini riga. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Baffa ya ce, "Mayar da ni." Na mayar. Sau uku yana kallon kansa yana rabin sallama. Inna Ladi ce ta fara amsawa, "Wa alaikumus salam, Malam," sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Ni dai ban yi ba, don na ga idon Baffa, kuma na san sunan mahaifinsa ya so mutane su ji a talabijin. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya tsaya gaban talabijin ɗin ya ce, "Kai, zo ka zauna nan gabana. Tunda injinka ya gaji, kai za ka naɗa da kunnenka." Ya faro daga sallama, wannan karon har ƙarshenta, ya yi jawabinsa kaf. Yanzu duk baƙon da ya zo gidan, ni ake kira in maimaita.

Abin da na koya shi ne, "nuna mini" kalma biyu ce kacal. Jawabin Baffa kuwa minti arba'in ne, kuma ba ya yarda a tura gaba.