Mai Sunan Baba da Mai Sunan Maigida

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar nan, don ko yanzu da nake rubutu, sai da na goge tafin hannuna da zane.

Na gama sakandare a daidai lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Azuzuwa suka cika, malamai suka yi ƙaranci, sai aka ɗauke ni koyarwa a wani ƙauye kusa da Roni, garin da na yi aure. Maigidana bai hana ba, amma maganar tana hannun mahaifinsa. Baba ya ce in fara, zai zo da kansa ya ga abin da nake koya wa 'ya'yan mutane. In bai gamsu ba, in ajiye alli in zauna a gida.

Hedimasta ya ba ni littattafai biyu cikin waɗanda ofishin ilimi ya aiko daga Kazaure, ja da kore. Ya ce in koya wa 'yan aji biyar yadda ake ɗora labari kusa da labari a gano darasin da ya haɗa su. A jan, wani dattijo ne ke cin iyakar gonar maƙwabcinsa kaɗan-kaɗan duk damina. A koren kuma, saurayi aka bai wa kiwon awaki ya kai su kasuwa ya sayar. Cin amana ke nan, ko makaho ya shafa ya ji. Na shirya darasina tsaf, amma a zuci na yi ta karatun (ido ba ya jin nauyin kowa, bakin ne matsalar).

Ranar, yara sun karanta labaran da kansu, na miƙe zan fara tambaya, sai ga Hedimasta da Baba. Aka sa wa Baba kujera a bayan aji, ya jingine sandarsa da bango. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Yi aikinki, 'yata."

Na buɗe baki zan kira sunan dattijon labarin, sai na ji harshena ya kafe. Sunan Baba ne. Na yi maza na koma kan saurayin koren littafi. Sunan maigidana ne. Ni da ko jaririn gidanmu da aka yi wa Baba takwara ban taɓa kiran sunansa ba, yau zan faɗi sunan suruki a gaban idonsa? (Kada ku jira in rubuta sunayen a nan, ba zan rubuta ba.)

Sai na yi abin da kowace mace ke yi a garinmu. Na ce, "Yara, me mai sunan Baba ya yi?"

Suka ce ya ci iyakar gona.

"Mai sunan maigida fa?"

Suka ce ya sayar da awakin mutane.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma tsoro yana gajarta magana. Ban san lokacin da "mai sunan" ya faɗi a hanya ba. Ni dai na ji kaina ina cewa, da murya irin ta malamar da ta san aikinta, "To, Baba da maigida, wane hali ne ya haɗa su?"

Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Cin amana, Malama!"

Wata yarinya a layin gaba, Talatu, wadda ta fi kowa kai, ta ɗaga hannu. "Malama, amma na Baba ya fi muni, tunda shi da furfurarsa."

Na ce, "Da kyau, Talatu." Wallahi haka na ce. Sai da kalmar ta fita na ga Hedimasta ya tsura wa rufin kwano ido kamar yana neman inda yake yoyo. A nan na tuna abin da kowa a garin ya sani: Baba da ƙaninsa sun daɗe ba sa ga-maciji a kan iyakar gona.

Baba ya ɗauki sandarsa ya fita. Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini a hankali, "Malama, allon nan na bayanki, ado ne? Da kin rubuta sunayen kin riƙa nunawa da tsinke."

Da yamma na shiga zaure gaisuwa. Na durƙusa nesa, na riga na yi sallama da alli a raina. Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Shi takwaran nawa," ya ce, "ya mayar da gonar a ƙarshe?"

"Ya mayar, Baba."

"Hmm. Mutumin littafi ke nan." Ya ajiye carbin. "Yaran dai sun gane karatu, ko ni da ban yi boko ba na gane. Ki ci gaba da zuwa. Amma ki duba cikin kayan Kazaure, ko akwai wanda ɓarawon ciki yake da sunan Hedimasta."

Ina nan ina koyarwa, iyakar gona ma tana nan inda take. Abin da ya canza shi ne, yanzu duk littafin da aka ba ni, kafin in nemi darasin da ke ciki, sai na fara duba ko akwai 'yan gidanmu a ciki.