Fatahin Malam Tanimu a Kan Allon da Ya Ƙi Buɗe Ido

Da sunan Mai kowa Mai komai muke warware wannan tarihi. Amma ba'adu, wannan ƙissar Malam Tanimu ce, ɗan Barau mai tawada, jikan Jatau mai gafaka, tattaɓa-kunnen Sambo wanda aka ce ya taɓa rubuta wa hakimi takardar neman aron jaki, hakimin ya karanta ya yi hawaye ya ba da doki. Tanimu Sarkin Alƙalami, Garkuwan Ambulan, Dodon Kan Sarki, wanda ya shekara talatin da huɗu bisa benci ɗaya a ƙofar gidan waya na Funtuwa yana rubuta wa jama'a wasiƙa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa shiga maganar da ta kawo mutum ba sai ya cika shafi guda da gaisuwa.

A shekarar da gwarzon ya cika saba'in, bushara ta zo daga Alƙahira cewa autarsa Hansatu, wadda ke zaune can da mijinta mai karatun likita, ta sauka lafiya, an sami namiji. Suna ranar Juma'a. Ta yi alkawari da safiyar suna za ta kira ta bidiyo ta nuna masa yaron a tablet ɗin da ta aiko masa shekara biyu da suka wuce, wato babbar wayar nan mai faɗin faranti, wadda shi yake kira allo. Sai sun ƙara shekara uku kafin su dawo gida. Malam Tanimu ya lissafa shekarunsa, ya lissafa ukun nan, tsoro ya kama shi, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Babu abin da yake so a duniya kamar ya ga yaron nan da idonsa.

A daidai wannan mako allon ya ɗaga tutar tawaye. Da zarar kiran bidiyo ya shigo sai ya sandare, ya yi zafi, ya rufe fuska baƙi ƙirin. Sadaukin ya fita mubaraza ta farko, wato karon gaba da gaba, ya hura masa iska a kunne. Ya fita ta biyu, ya goge shi da hannun babbar riga. A ta uku, wadda masana suka ce ba a taɓa ganin dabarar yaƙi irinta ba tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya jingine shi a gindin randa tsawon yini domin ya huce. Allon ya huce, amma bai tuba ba.

Ranar Litinin da hantsi sai ga manzo daga sansanin abokan gaba, wato wani rubutu da ya bayyana a fuskar allon. Malam ya sa tabarau ya fassara shi da ƙarfi: "Na'urarka ta gamu da matsala. Ko ka yarda a aika wa waɗanda suka ƙera ta bayanin lafiyarta, kamar zafin jikinta, da ƙarfin batirinta, da nauyin abin da ta ɗauka? Ba za a ga hotunanka ko saƙonninka ba. Ganin dama ne, ba dole ba." Ƙarƙashinsa akwai wuri biyu, ɗaya na yarda, ɗaya na ƙi.

Nan take aka kira majalisar yaƙi a tsakar gida. Ta ƙunshi uwargidansa Lantana, Uwar Dakaru, Mai Riƙon Ludayi, wadda ta halarta tana tsince wake, da maƙwabcinsa Alhaji Sallau mai sayar da taki, Wazirin Zato, mutumin da ko ruwa aka ba shi sai ya shinshina.

"Malam, kada ka taɓa," in ji Sallau. "Yau su tambayi zafin batir, gobe su leƙa tukunyar Hajiya."

"In sun leƙa sai su aiko da nama," in ji Lantana, ba ta ko ɗago kai ba.

Amma abin da ya hana jarumin sukuni ba tukunya ba ce, kalmar nan ce ta "ba dole ba". Da umarni suka ba shi, da ya ƙi, don shi ba a yi masa tsawa ba tun zamanin En'e. To amma mutane sun zo da ladabi, sun yi sallama, sun nemi izini, sun ce ga abin da za su ɗauka ga wanda ba za su taɓa ba, sun kuma bar maka zaɓi. Wane ido ne za ka kore su da shi? Kwana biyu cur yana kai gwauro yana kai mari tsakanin shawarar Waziri da kunyar baƙi, har ranar Laraba bayan azahar, lokacin da ya gyara zaman hula, ya ɗaga ɗan alinsa, yatsan da ya liƙa kan sarki dubu ɗari bai gaji ba, ya yi kirari da muryar da ta tashi kajin gidan: "Na yarda!" Ya danna.

Sai wani ɗan akwati ya buɗe, aka ce in yana so ya bayyana matsalar da bakinsa, amma kada ya wuce haruffa ɗari biyu. Murmushi ya suɓuce masa, domin an kawo yaƙi filinsa. Ya shiga rubutu da yatsa ɗaya, da irin balagar da ta sasanta 'yan'uwa ta dawo da 'yan ci-rani gida: "Zuwa ga masu girma maƙeran wannan allo. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali, ya sanyin ƙasarku? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Dalilin rubuto muku takardar nan shi ne"

A nan akwatin ya cika. Ya danna, ya sake dannawa, ko wasali bai ƙara shiga ba.

"Malam, rage gaisuwar mana," in ji Lantana.

Ya dube ta ta saman tabarau kamar ta ce ya je masallaci ba wando. Haka takardar ta tafi.

Ranar Alhamis da safe amsa ta iso. Sun gode da gaisuwa, sun yi murna da jin yana lafiya, sai dai bayanin da na'urar ta aiko da kanta ya nuna ita ba lafiya take ba: cikinta ya cika maƙil da hotuna dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da shida, ba ta da wurin numfashi. Ba su san hotunan mene ne ba, amma a share su. Malam kuwa ya sani sarai. Furanni ne masu ƙyalƙyali, da fitowar rana, da kofunan shayi masu tururi, kowanne da "Barka da asuba" ko "Barka da Juma'a", waɗanda tsofaffin abokan aiki da dangi ke turo masa kullum. Ko ɗaya bai taɓa sharewa ba, don a gidansu ba a zubar da gaisuwa.

Aka buga tambarin babban gumurzu. Fatihin, mai cin garuruwa, ya shimfiɗa buzu, ya ƙudurta ba zai kori kowace gaisuwa ba sai ya amsa ta, yana duban fure ya ce "Amin, na gode, a gai da gida," sannan ya share, ya kama na gaba. Haka ya yi ta sara babu ji babu gani, gumi na sauka ta gemu, har ladan ya kira la'asar, a sa'ilin rundunar maƙiya ta ragu da ɗari uku da goma sha biyu. Ya ajiye allon ya tafi masallaci. Marubuta tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya faru bayan fitarsa. Mu dai abin da muka ji shi ne Uwar Dakaru ta goge hannu a zani, ta danna "zaɓi duka", ta share, ta koma kan miyarta. Da ya dawo ya tarar da fili fetal, ya yi salati, ya yi juyayin mutum dubu goma sha ɗaya da ba a amsa musu ba, sannan ya aika a gaya wa Sallau cewa an ci garin.

Safiyar Juma'a kira ya shigo, allon ya buɗe ido tangaran. Ga surukinsa, ga hayaniyar 'yan suna a baya. Malam ya gyara murya ya fara da gajiya, ya wuce zuwa karatu, yana shirin tambayar ruwan ƙasar, Lantana ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Malam, yaron."

"Baba, ga shi nan," in ji muryar Hansatu. Wayar ta juya, ta nuna silin, ta nuna labule, ta nuna gefen tawul, sannan ta tsaya a kan wata 'yar ƙafa ja mai yatsu biyar a dunƙule. Ƙafar ta miƙe, ta lanƙwashe. Sai layin can Alƙahira ya yanke, bai kuma dawo ba ranar nan.

Sallau, wanda ke tsaye a bakin zaure, ya ce, "To Malam, wa ya ɗauko?"

Sarkin Alƙalami ya cire tabarau, ya daɗe yana share ido da hannun riga.

"Ƙafar gidanmu ce," ya ce.