Ranar da na gyara wa gwanina waƙa

Shekara biyu ina bin wani marubuci a intanet mai kiran kansa Ɗan Fadama. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na haddace waƙoƙinsa, har ina ɗaukar kaina magajinsa.

Ran kasuwar Talata Mafara na kai ɗinki wurin Malam Isiya, wani tela mutumin Bakura. Shagon cike da jama'a, ya miƙo mini takarda cikin ladabi ya ce, "Malam, an ce kana rubutu. Duba mini wagga waƙa."

Na gyara zama, na zaro jan biro, na soke baiti huɗu. Na ce, "Ka tsaya ga kekenka, Isiya. In koyo kake so, nemi Ɗan Fadama."

Ya yi godiya.

Da la'asar hoton takardar ya fito a shafin Ɗan Fadama, da zanen jan birona a kai. Ashe Isiya ne Ɗan Fadama. Ƙasa ya rubuta: "Gyaran babban malami." Sannan ya toshe ni.

Har yau ko mai shayi ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Babban malami, an taho da biron?"